Yadda Na Fitar da Fuskar Alhaji Mamman Bagobiri

Kusan kullum sai wani a cikinku ya leƙo shagon nan da salula a hannu, ya ce Baba a buga mini wannan baƙi-da-fari, ai danna maɓalli ɗaya ne. Ni ba na musu da yaro. Maɓalli ɗaya ne in dai abin da kake so takarda ce mai ɗauke da wani abu mai kama da mutum. In kuwa mutumin kake so, shi da kansa, yadda wadda ta zauna da shi za ta duba ta ce shi ne, to aiki ne, sai ka nemi wuri ka zauna. Sunana Lawali, a Damagaram aka haife ni, a Yamai na tsufa, ban taɓa cin abinci da wata sana'a ba sai wankin hoto. Injin nan da kuke gani lulluɓe da zane ba a lakwal, makarantar boko, na koye shi ba. A kan fuskar wani mamaci na koye shi, matarsa tana jira, ganinta kuma yana ƙarewa.

Maigidana marigayi Malam Buhari a Harobanda yake da ɗakin duhu, can hayin kogi. Da aka kai ni wurinsa na daɗe ina wanke faranti da sharar ɗaki kafin ya bar ni na taɓa takarda. A ƙarƙashin jar fitila ake aikin: a haska fim a kan farar takarda, a tsoma ta a ruwan magani na farko fuska ta fito a hankali, a tsoma a na biyu ta tsaya, a tsoma a na uku ta zauna. Abin da ya fi ba ni mamaki hannunsa ne. Yayin da haske ke sauka a takarda, sai ya sa tafinsa a tsakani yana kaɗawa daidai kuncin mutumin kamar mai korar ƙuda, don kada wurin ya sha haske da yawa ya ƙone. Yakan ce takardar nan ba a ƙasarmu aka yi ta ba, ba ta san fuskarmu ba, in ka bar ta da kanta gawayi za ta ba ka mai ido biyu da haƙora. Duk hoton da ya fito haka yaga shi yake yi a gabana, ko da mai shi yana tsaye a ƙofa yana jira. Bayan rasuwarsa ɗakin ya dawo hannuna, na ci gaba da hoton katin ɗan ƙasa da na suna da na masu tafiya Makka.

Sana'ar ba rana ɗaya ta mutu ba. Takarda ta fara wuyar samu, magani in ya iso ya riga ya tsufa a hanya, sannan salula ta shigo kowa ya zama mai hoto. Duk da haka ina lallaɓawa, har shekarar da kogi ya shigo Harobanda. Wanda bai ga ruwan nan ba ba zai gane ba ko an faɗa masa. Da ya janye na shiga ɗakin, injin haskawa yana kwance a laka, duk fim ɗin da Malam Buhari ya tara da wanda na tara ya manne ya zama dunƙule ɗaya mai wari. Rabin unguwa na cikin dunƙulen nan, angwaye da jarirai da mutanen da suka daɗe a kabari. Da hannuna na kai shi juji, na kulle ɗakin, na ƙetaro gada na dawo Bukoki wurin dangin matata.

A nan wani ɗan kasuwa mutumin Tawa ya sayar mini da injin buga hoto na tawada, na hannu, tare da tsohuwar odinata, kwamfuta ke nan. Maƙwabcin shagona Sumana ne, Bazabarme mai gyaran odinata, magidanci mai yawan raha, shi ya haɗa mini wayoyin ya nuna mini inda ake dannawa. Na ji kunyar zama ɗan koyo da furfura, amma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Hoto mai kala yana fita ba laifi, da shi muke ci. Baƙi-da-fari kuwa ban ko gwada ba, don ba mai tambaya, amarya da ɗan lakwal da mai neman aiki kowa kala yake so.

Damina ta zagayo lokacin da wani mai suna Sanusi ya shigo. Ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyin magana. Ya kafe moto, wato babur, a ƙofa ya yi sallama, ya ajiye wani abu naɗe da tawul a kan teburina. Hoto ne ƙarami, bai fi tafin hannu ba, cikin katako da gilashi. Mahaifinsa ne, Alhaji Mamman, Bagobirin Tsibiri, direban kamyo, babbar motar kaya, wanda ya rasu tun Sanusi bai shiga lakwal ba, kuma shi ke nan hotonsa a duniya. Gidansu ma a Harobanda yake, ruwan da ya ci ɗakina shi ya ci nasu, sai yanzu suka tarar da hoton a ƙasan wani akwati. Ruwa ya shiga ya manne takardar da gilashin, gilashin ya tsage, funfuna ta ci kafaɗa da gefen hula tana hawa fuska.

Sai da ya zauna ya gaya mini sauran. Mahaifiyarsa Hajiya Rabi tana fama da hawan jinin ido. Na dama ya riga ya tafi, na hagun kullum ƙofarsa ƙara tsukewa take, likita kuma ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun bayan ruwa take tambayar hoton. Da aka gan shi bai gaya mata halin da yake ciki ba, ce mata ya yi an kai a sake masa katako. Abin da take so ɗaya ne, ta ƙara kallon Alhaji ta ajiye shi a ka kafin gani ya ƙare, kuma sai an yi shi babba, don ƙaramin ko lafiyarsa ƙalau ba za ta gan shi ba. Na tambaye shi ko likita ya faɗi lokaci. Ya ce bai faɗa ba, amma shi da ke gida da ita yana ganin abin yana sauri.

Abu na farko, ban ɓamɓare shi ba. Ku riƙe wannan: hoton da ya manne da gilashi in ka ja shi, fuskar a gilashi za ta tsaya, farar takarda ta biyo hannunka. Na fitar da shi inuwa da safe na jingina, na rataya baƙin zane a gabana na huda shi daidai idon kyamara don kada ni kaina in fito a gilashin, na ɗauke shi ta cikin gilashinsa. Takarda kuma na zaɓi marar ƙyalli, don mai ƙyalli walƙiyarta za ta soki raunanan ido. Da na zuba shi a odinata, a ekran ɗinta hoton ya fito da kyau har na yi murna. Na sa takarda na danna, kamar yadda kuke cewa. A cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki sai na ga Alhaji ya yi ja-ja kamar an shafa masa lalle. Na fita da shi rana, ya koma kore-kore. Sumana ya bayyana mini dalili, ya ce injin in ka bar shi da hankalinsa ba ya yin toka-toka da baƙar tawada kaɗai, haɗa ja da shuɗi da rawaya yake yi, haɗin kuma kowane haske da launin da yake tono masa. Ban ga yadda zan kai wa tsohuwa koren miji ba.

Sumana ne ya nemo wani lojisiyel, wato manhaja, ya sa mini a odinata, ya ce don baƙi-da-fari kawai aka yi shi. Aikinsa shi ne ya karɓe ragama daga hannun injin ya ba ka. Cikin injin akwai baƙar tawada, akwai mai toka-toka, akwai wadda ta fi ta haske. Lojisiyel ɗin yana ba ka dama ka ce wa kowacce ga inda za ki fara zuba, ga yawan da za ki zuba, ga inda za ki tsaya 'yar'uwarki ta karɓa, masu kala kuma ka ce su yi shiru. Umarnin nan a zane yake, wani layi ne mai lanƙwasa a ekran, kurbu suke ce masa. Kowace irin takarda da nata kurbu, don wata tana shan tawada kamar rairayi, wata kuma a sama take riƙe ta. Rubutun duk da Ingilishi yake. Sumana ya karanta, ya juya a kansa zuwa Faransanci, ya yi gunaguni da Zabarmanci, sannan ya ba ni da Hausarsa mai ɗingishi. Da haka muka shiga, shi ya san inji bai san fuska ba, ni na san fuska ban san inji ba.

Lojisiyel ɗin ya zo da kurbu nasa shiryayyu, muka ɗauki wanda sunansa ya yi kusa da takardarmu muka buga. Kore ya tafi, ja ya tafi, toka ta fito tsaf. Amma fuskar ta zama irin abin da Malam Buhari ke yagawa. Farar riga ta yi kyau, kowane zaren aikin wuya ana ganinsa, kai kuwa dunƙulen gawayi. Alhaji Bagobiri ne, tsagarsa ta tashi daga gefen baki ta bazu a kunci har kunne, a ekran ina ganinta, a takarda ko ɗaya babu. Kada ku yarda da ekran. Fitila ce, daga bayansa haske ke fitowa, duk abin da ka sa masa zai yi maka kyau. Takarda ba ta da hasken kanta, abin da ke wurin kawai take nunawa.

A nan na koyi tsani. Lojisiyel yana buga maka dogon jeri na 'yan akwatuna, na farko fari fat, na ƙarshe baƙi ƙirin, na tsakani kowane ya ɗara na gabansa duhu kaɗan. In aikinka daidai yake, za ka rarrabe kowane mataki da maƙwabcinsa tun daga sama har ƙasa. Namu daga sama lafiya lau, amma matakan ƙasa sun haɗe sun zama baƙi ɗaya. Wanda ya shirya kurbun nan ba mugunta ya yi ba. A wurinsa ƙasan tsani wurin inuwar itace ne da baƙin takalmi, in sun haɗe ba mai kuka. Mu kuwa a nan fuskokinmu suke zaune. Tsaga baƙa ce a kan baƙar fata, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi ta mataki da maƙwabcinsa ba, in matakan sun haɗe to an cire mutum daga danginsa.

Gyaran a baki ba wuya: ka rage tawadar da takarda ba za ta iya sha ba, ka buga tsani, ka bar shi ya bushe, ka aza shi a sikana, injin da ke karanta takarda, odinata ta auna duhun kowane mataki, lojisiyel ya gyara kurbu, ka sake bugawa. Da farko na ce wa Sumana a bar awon nan, ido ba mudu ba ya san kima. Sai na tarar idona da safe daban, da la'asar daban, na haƙura na bar wa sikana. Abin da ya wahalar da mu bushewa ce. Ɗanyar tawada duhunta daban, in ta kwana sai ta sauya, damina kuma ba ta barin komai ya bushe da wuri. Mun auna wani tsani da ɗuminsa don sauri, kurbun da ya haifa ya fi na farko lalacewa. Dole kowane gwaji ya kwana. Wata rana wuta ta ɗauke injin yana tsakiyar takarda, wata rana bakin da ke fesa tawada ya toshe ya riƙa barin fararen layuka sai an wanke shi. Kowane ɗaya cikin waɗannan yini ne ya tafi a banza.

Sanusi kuwa duk yamma in ya tashi daga aiki sai ya tsaya. Ba ya faɗa, da ma faɗan yake yi da ya fi mini sauƙi. Yau ya ce Hajiya ta miƙa hannu ta ture kofin shayi yana gabanta, gobe ya ce jikarta ta shigo ba ta gane ta ba sai da ta yi magana. Wata yamma ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na jefar, mai fuskar gawayin nan, ya daɗe yana kallo.

"Baba, ko wannan ɗin ka ba ni in kai mata. Da babu gara ba daɗi."

Na ce masa, "Kallon ƙarshe za ta yi. Abin da ka sa mata a ido shi za ta zauna da shi a duhu har ƙarshen ranta. Wannan kake so ta zauna da shi?"

Ya ajiye, ya hau moto ya tafi. Ni kuma na ji tsoro ƙwarai, don ba ni da tabbacin zan riga idon. In idon ya riga ni, to na hana tsohuwa ko da inuwar mijinta.

Ranar da tsani ya buɗe, na ga matakan ƙasa sun rabu ɗaya bayan ɗaya, na sa hoton na buga. Alhaji ya fito. Goshi, kumatu, hasken da ke kan karan hanci, tsaga layi-layi. Sai dai ba shi kaɗai ya fito ba. Duk abin da duhu ya ɓoye ya biyo shi, karce-karcen gilashi da sawun ruwa da jijiyoyin funfuna, duk sun bi ta kan kuncin sun cakuɗe da tsagar. Sumana ya ce akwai wurin da ake dannawa odinata ta share karce da kanta. Ya danna. Kan ka ce kwabo fuskar ta yi sumul kamar ƙwai, karce ya tafi, tsaga ta tafi, don ita odinata duk layin da ke kan fuska dauɗa ne a wurinta. Sumana ya yi dariya ya ce yau an yi wa Bagobiri gata, an baje masa huɗar da aka yi masa a kunci. Kun dai san wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa. Muka mayar da hoton yadda yake. Ba makawa sai da hannu, layi-layi, wannan a share wannan a bari.

To wanne ne wanne? Ni Badamagare ne, gidanmu ba ma irin wannan aska. Sanusi fuskarsa sumul take, zamaninsu an daina, kuma duk da ya girma yana ganin hoton rataye sama da ƙofa, bai taɓa bin layukan da ido ba. Ba wanda ke karanta fuskar ubansa, gaishe ta ake yi. 'Yan'uwansa duk sun rasu suna ƙanana, shi kaɗai Hajiya ta tsira da shi. Ita ce ta sani, ita kuma in an tambaye ta an gaya mata ke nan hoton ya lalace. Matambayi ba ya ɓata. Na tuna da Sarkin Aska Ibro, tsohon wanzami Bagobiri da ke zama bakin kasuwa, na je da kaina na roƙe shi ya zo.

Ya ƙi kallon ekran, ya ce yana sa shi hawaye, a ba shi takarda. Ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya zare tsinke daga tsintsiyata, ya fara bi. Yakan aza tsinken a gefen baki ya bi layi har kunne ya ce wagga tamu ce, ya aza a wani ya ce wagga ta ruwa ce. Ya gargaɗe ni cewa ɓangare guda yakan ɗara ɗayan da tsaga ɗaya, kada in ga haka in ce zan daidaita. Har ya ce hannun wanzaman Tsibiri ne, ya san kwanciyar askarsu. Sumana yana tsokanarsa wai ko kaza ce ta yi tono a wurin, tsoho ya ce masa bawa ba ya sa baki in iyayengijinsa na aiki, bai ko ɗaga kai ba. Ni ina biye da shi ina sa alama.

Sai ya zo kan wani layi a kuncin hagu. Daga ƙarƙashin ido ya taso, ya gangaro a karkace ya ƙetare tsagar gaba ɗaya zuwa muƙamuƙi, kuma tsagewar gilashin ta bi dab da shi. Tsoho ya daɗe da tsinke a wurin.

"Wagga ba aska ba ce," in ji shi. "Aska ba ta rawa haka, kuma ba wanzamin da ka ƙetare aikin ɗan'uwanshi. Share ta."

Sanusi yana wurin, shi ma ya ce a share.

Na zauna na bi fuskar ɗigo-ɗigo, ina ɗebo fata daga gefe ina rufe karce, har wuyana ya ƙage. Layin nan ma na share shi. Fuskar ta fito cikakken Bagobiri, wanzami ya duba ya ce ko Tsibiri aka kai ta za a faɗi gidansu. Amma raina bai kwanta ba. Karce a kan takarda fari yake, bakinsa da kaifi, ba shi da inuwa. Wannan layin da na faɗaɗa shi a ekran sai na ga kamar gefe guda da haske gefe guda da inuwa, irin abin da ke da zurfi a cikin nama. Funfuna ta ci rabinsa, ba zan rantse ba. Wanzami ya faɗi gaskiyarsa, ba aska ba ce, amma ba aska kaɗai ke taɓa fuskar mutum ba. Na buga guda biyu, ɗaya da layin ɗaya babu, na bar su suka kwana, ban kuma gaya wa Sanusi zancen na biyun ba.

Da hantsi muka je gidansa, don lokacin haske ya fi. Na tarar da Hajiya Rabi a tsakar gida kan tabarma, a inuwar bango, 'yar tsohuwa siririya da tasbaha a hannu. Muka gaisa, ta yi mini sannu da aiki, ta tambayi iyali. Sanusi ya durƙusa ya miƙa mata wanda aka share. Ta kawo shi dab da idon hagu. Da yake ta 'yar ƙaramar kafa take gani, ba ta iya ɗaukar fuskar gaba ɗaya, sai ta riƙa tafiyar da takardar a hankali, hula, goshi, ido, ta gangaro kunci, ta koma ɗaya kuncin, ta sake dawowa. Ta daɗe. Sannan ta sauke shi a cinya.

"Malam, ka yi aiki, Allah shi biya. Wanga ɗan gidansu ne, ba shakka. Amma ba Alhaji ba ne."

Sanusi ya dube ni. Ya fara lallashinta yana cewa Inna ai shi ne, idon ne. Ta ce idon ya lalace amma bai kai nan ba. Na zaro na biyun na sa mata a hannu, na ce Hajiya a duba wannan.

Ba ta bi ta hula ba. Kai tsaye ta nemi kuncin hagu, ta tsaya. Da ta yi magana ba ni ta yi wa ba, ɗanta ta yi wa, kuma magana ce irin wadda uwa ba ta yi wa ɗa namiji saboda kunya.

"Ranar da zan haihe ka ruwa aka kwana yi. A kamyonshi yad ɗauke ni za mu likita, mota tak kahe cikin laka. Sun ka ɗaura waya a ja ta, waya tat tsinke tas sare shi nan. Bai tsaya ba. Da jini har wuyan riga yak kai ni. Ni da ɗanyen jego ni ka wanke mishi ita." Ta aza yatsa a kan layin. "Sauran na gidansu ne, wanzami yab ba shi. Wagga tamu ce, ni da kai."

Sanusi ya sunkuyar da kai, hawayensa na ɗiga a tabarma, ni ma na juya ina kallon bango don idona ya cika. Ta miƙa masa wanda aka share ta ce ya rataye a ɗakinsa, yaransa su san daga inda suka fito. Nata kuwa ta mayar da shi ido ta ci gaba da kallo har rana ta cinye inuwar ta iso tabarma. Sannan ta kife shi a cinya ta ce ta riƙe shi, a kai ta ɗaki.

Kafin sanyi ya fita idon ya rufe. Sanusi ya gaya mini hoton yana gefen shimfiɗarta, in baƙi sun zo takan ɗauko shi ta aza yatsa daidai kan layin ba tare da lalube ba, alhali takardar sumul take, ba abin da yatsa zai ji. Tawada ba ta jure yawan taɓawa. Wurin ya goge ya yi fari, ya zo na sake buga masa wani. Makon jiya ya tsaya nan da moto, ya ce na biyun ma ya fara gogewa, a wuri guda.